Abin da aka tattauna kan aiki da furotin LRRK2

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan LRRK2, kinas ɗin ɗan Adam (kinas furotin ne da ke ɗora sinadarin fosfet kan wasu furotin) da ake sarrafawa a ɗakin gwaji don binciken cutar Parkinson.

1. Kan ajiya baki ya zo ɗaya. Ranar da furotin ɗin ya iso a rarraba shi a ƙananan bututu, a adana a sanyin -80°C. Narkarwa da sake daskararwa na rage masa ƙarfi. In an ciro, ya zauna kan ƙanƙara.

2. A riƙa gwada shi tare da nau'in D1994A, wato LRRK2 da aka sauya ta yadda ba ya aiki, don kwatantawa. Wasu sun ƙara da cewa a zuba MLi-2, sinadarin da ke tsayar da aikin LRRK2: in fosfet bai daina hawa ba, a zargi wani kinas da ya gurɓata samfurin.

3. Nau'in G2019S, wanda ake samu a jikin wasu masu cutar Parkinson, ya fi na asali ƙarfi, a auna su tare.

4. Nan aka rabu: cikakken furotin mai amino asid (tubalan ginin furotin) 2527, ko guntunsa? Masu guntu sun ce ya fi sauƙin samuwa da yawa. Sauran sun dage cewa in Rab10 (furotin da LRRK2 ke ɗora wa fosfet) za a duba, cikakken ya fi dacewa. Ni ma nan na karkata, domin shi ne ke cikin ƙwayar halitta.