Tamowa a Maradi: sakacin wa?

Malam Issa: Jama'a, abin nan ya kai ni bango. Duk damina gadajen CRENI, sashen asibiti da ake kwantar da waɗanda abin ya yi wa tsanani, cike suke da yara masu tamowa, daga Madarunfa har Gidan Rumji, alhali tun 2006 aka ce maganin yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar. Uwa tana kallon ɗanta yana ramewa, sai ƙafa ta kumbura sannan ta ɗauko shi. Sakaci ne kawai.

Maman Hafsa: Sakacin wa, Malam? Yaron da aka rubuta a CRENAS, inda ake jinyar tamowa mai tsanani ba tare da kwanciya asibiti ba, kowane mako ake son ganinsa, a auna nauyi, a gwada ko yana ci, a ba shi Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na jinyar tamowa, na kwana bakwai. Wa ke biyan kabu-kabu? Wa ke ba da izinin fita? Lokacin noma ne, rumbu ya yi ƙasa, maigida na gona, ita ma da gayaunarta.

Malam Issa: Ban ce mata kaɗai ba, yaya.

Maman Hafsa: "Uwa" ka rubuta. Koma ka duba.

Ɗan Tibiri: Ni dai ina bayan Malam. An koya wa mata awon dantse a gida da tsirin awo mai launi-launi. Tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ja ƙasa da milimita 115, a tafi asibiti a ranar. Rawaya 115 zuwa 125. A danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, in rami ya tsaya, kumburi ne. Wannan bai cin ko dala. Wanda ya sani bai yi ba, mi sunansa?

Hajiya Rabi: Ɗana, sunansa gajiya. Mace ta yi tafiyar sa'a biyu da goyo, a ce mata kaya sun yanke, ta dawo mako mai zuwa. Sau biyu aka yi mata haka, ba ta sake komawa, sai a rubuta ta cikin masu gudu. Ga mai ciki kuma, ana ba ta ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, ba wanda ya gaya mata tana sa tashin zuciya da baƙin bayan gida. Ta tsorata ta jefar. Da an ce ta sha bayan tuwon dare, kar ta haɗa da shayi, da ta ci gaba.

Ɗan Tibiri: To Plumpy'Nut ɗin da ake gani a tebur ɗin masu saida alewa fa? Daga sama ya faɗo?

Maman Hafsa: Kai ka san daga hannun wa ya fito? Katan guda ba daga zanen mace yake fitowa ba.

Malam Issa: Hattara, kar a ɓata ma'aikata. Mutum biyu ke fama da ɗaruruwa, ga zazzaɓin cizon sauro ya faɗo lokaci guda.

Ɗan Tibiri: Ga 'yan tsallake daga Jibiya suna ƙara layi.

Hajiya Rabi: Kul! Katsina da Maradi ɗaki guda ne. Ɗan da ke mutuwa ba a tambayarsa takarda.

Maman Hafsa: Ku lura, ƙullin nan giram 92 ne, kalori 500, an lissafa shi a kan nauyin yaro guda. Gidan da yara huɗu ke kallon bakinsa, dole a gutsura musu. Shi ya sa nauyi bai hawa. Haka kunu: tsararo ne, ruwa zalla. A yi shi da kauri, a zuba garin ƙuliƙuli ko na wake, cokalin man gyaɗa, garin zogale, sau uku zuwa huɗu a rana tare da nono. Kuɗin wake kuwa aljihun maigida yake.

Mai kula da zaure: Na karanta duka. Abin da ya fito fili shi ne mata ba su da laifi, matsalar tana wurin maza da yankewar kaya. Batun sayarwa babu hujja, na ajiye shi. Malam Issa ya janye kalmarsa.

Malam Issa: Ban janye ba.