Musayar waƙa: Ɗan Jega ya dawo daga Zanzibar

Kawu na Yawuri:
Ɗana, an ce ka ƙetare teku,
Tunda ka dawo, zauna ka ba mu.
Mu ma muna da gungu a Kwara,
Da mi nasu ya ɗara namu?

Ɗan Jega:
Kawu, gyara zama ga labari,
Unguja shi ne babban tsibiri.
Daga Darussalam ta Tanzaniya,
Awa biyu ne a jirgi mai sauri.
Tsawon tsibirin ya kai kilomita 85,
Ruwan kewaye duk na gishiri.
Tsohon birni da dutse aka gina,
Lungu ƙunci, mota ba ta da sarari.
Ƙofofin katako sun sha sassaƙa,
Ƙusoshin tagulla jere a tsari.
A 2000 hukumar UNESCO ta sa shi a kundin kayan tarihi,
Ga kiran salla ko'ina cikin gari.

'Yar Argungu:
Yaya, bar dutse, zo mu ga kifi,
Mu 'yan Matan Fada nan muka ƙware.
Suna da kamar giwan ruwanmu?
Mi ake ci in an yi dare?

Ɗan Jega:
Ƙanwata, je lambun Forodhani da magariba,
Gawayi na ci, teburori a jere.
Har da wani naman ruwa mai hannu takwas,
A gasa shi, a tsire shi kamar tsire.
Ruwan rake da citta da lemun tsami,
A gabanki ake matsa shi a kore.
Matan ƙauyen Paje ne suka fi burge ni,
In teku ta janye sai su tsallake,
Su ɗaure ciyawar ruwa a igiya,
Gona ce tasu, da ita suka dogare.


Malam na Gwandu:
Yaro, ka yi daɗi amma da saura,
Ka tsallake zancen kanumfari.
A 1840 Sayyid Sa'id na Oman
Ya bar Maskat, ya maido fadarsa wannan gari.
Gumin bayi ne ya raini gonakin,
An jawo su daga nesa a mari.
Sai 1873 aka rufe kasuwarsu,
Ka je wurin, ko ka wuce da sauri?

Ɗan Jega:
Allah gafarta Malam, na je na tsaya,
Coci ne yanzu a kan filin.
Ga mutum-mutumi tsaye cikin rami,
Sarƙa a wuya ta haɗa jerin.
Na sunkuya na shiga ɗakin ƙasa,
Kaina yana taɓa rufin ginin.
Na fito idona cike da ƙwalla,
Ban iya cin abinci ba a yinin.

Kawu na Yawuri:
Allah ya ji ƙan waɗanda aka sayar.
To masassaƙa fa, suna nan da rai?

Ɗan Jega:
Suna Nungwi, Kawu, can arewa,
Da gizago, ba inji, hannu kawai.
Jirgin da suke yi iska ke tura shi,
Ƙyalle a sama, ba ya shan mai.