Jirgina na kasa hawa dutse: in rushe duka ko da gyara?

Mai_Dogo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Masana, ina neman shawara. Teburin da na shimfiɗa layin dogon ƙaramin jirgin ƙasana na wasa santimita 200 ne tsawo, 90 faɗi, sikelin N, wato mai milimita 9 tsakanin ƙarafan layi. Layin Unitrack na kamfanin Kato ne, kwanonin duk R249, wato radiyos ɗinsu (daga tsakiyar da'ira zuwa layi) milimita 249 ne. Abin da nake so shi ne kamannin layin Bernina na ƙasar Siwizalan, jirgi ya shiga cikin dutse ya fito ta sama ya haye kan layin ƙasa. Layin ya hau santimita 6 a cikin tafiyar santimita 130, kuma rabin hawan a kwana yake, cikin rami. Da tarago uku yana hawa da ƙyar. Da biyar sai ƙafafun kan jirgin su riƙa juyawa a wuri ɗaya. Wani lokaci kuma ƙugiya ta saki a bakin hawan. Dutsen na POP ne a kan ragar waya, ya yi nauyi ya fara tsagewa. Ya za a yi?

Injiniya_Tanko ya rubuta:

Wa alaikumussalam. Malam, laifin ba na kan jirgi ba ne, na lissafi ne. Raba 6 da 130, za ka ga hawanka kashi 4.6 cikin 100 ne. Sannan kwana tana ƙara wa jirgi nauyin ja saboda gogar ƙafa da gefen ƙarfe. Ƙiyasin da ake amfani da shi a sikelin N shi ne ka raba 445 da radiyos ɗin kwanar a milimita. A R249 wannan ya ba da kusan 1.8. Ke nan a cikin ramin nan jirginka ji yake kamar yana hawan kashi 6.4. Ƙaramin kai mai nauyin 'yan giram ba zai ja tarago biyar a nan ba. Abin da ake nema shi ne kashi 2, in wuri ya ƙure 2.5, kada dai a wuce 3.

Fara da sanin tsayin da kake bukata na gaskiya. Daga saman ƙarfen layin ƙasa zuwa ƙarƙashin gada, milimita 42 ya isa yawancin jirage. Ƙara 3 na siririn katakon gadar, da kusan 7 na kaurin layin Kato da ke kanta. Jimla 52. Ka ga 60 ɗin da ka yi akwai asarar milimita 8, kuma a hawan kashi 2.5 wannan tafiyar santimita 32 ce a banza. In za ka bar ƙahon ɗaukar lantarki na saman jirgi a miƙe, auna naka da rula ka ƙara.

Milimita 52 a kashi 2.5 na bukatar santimita 208 na layi. Hanyoyi biyu ke gabanka. Ta farko, raba hawan biyu: layin sama ya hau 26, na ƙasa ya gangara 26, kowanne santimita 104. Wannan na bukatar ka ɗaga dukkan shimfiɗar a kan soso mai kaurin santimita 5 domin ka samu inda za ka rarake. Ta biyu, ka yi da'ira cikakkiya da R315. Kewayenta santimita 198 ne, hawan ya zama kashi 2.6, kuma faɗinta duka bai kai santimita 66 ba, ya shiga teburinka da rara a gefe.

Maganar ƙugiya kuwa, hawan ne ya fara farat ɗaya. Kan jirgi ya ɗaga, taragon baya na kwance, ƙugiya ɗaya ta zame ta saman ɗaya. Ka fara hawan a hankali: kashi 1 na tsawon tarago guda, sannan 2, sannan cikakke. Haka ma a saman. Kada mahaɗar layi biyu ta faɗo daidai inda hawa ya fara, kuma kada ka sa wurin canjin layi a nan.

Shawarata, cire dutsen. Shimfiɗa layi tsirara, ka ja tarago shida gaba da baya na tsawon mako guda ba tare da ya goce ko sau ɗaya ba, sannan ka taɓa POP.

Hajiya_Zane ta rubuta:

Na yarda da Injiniya, kuma ta biyun zan zaɓa, don ita ce ainihin abin da ke Bernina. A Brusio akwai gadar dutse mai kafa tara da aka gama a 1908, layin ya yi da'ira ya bi ta ƙarƙashin kansa a fili, ba a cikin rami ba. Radiyos ɗinta mita 70 ne. A sikelin 1:150 da Kato ke yin jiragen wannan layi, hakan zai zama kusan santimita 47, da'irar ta fi faɗin teburinka, amma in ka matse ta zuwa R315 ido ba zai ƙi ba. Ribar ita ce hawan ya fito waje, inda hannu ke kaiwa. Jirgin gaske na hawan kashi 7 a can, amma kada wannan ya ruɗe ka, nauyin da ke danne ƙafafunsa ba irin na naka ba ne.

Yanzu dutsen. Ragar waya da POP mai kauri su suka jawo tsagewar: waya na motsi, POP ba ya lanƙwasa. Ga kuma haɗarin guntun waya ya taɓa layi. Yi amfani da soso mai tauri na rufin gini in ka samu, in ba haka ba farin soson nan da ake tokare firji da talabijin a kwali ya wadatar, sai dai yana zubar da ƙwayoyi. Yanka shi faifai-faifai mai kaurin santimita 3 zuwa 5, ka jera kamar matakala, ka bar cikin a rarake. Manna da farin gam na kafintoci, ka soke da tsinken tsire ya riƙe, ka ba shi kwana biyu, don gam a tsakanin soso biyu ba ya samun iska. Kada ka kusanto da gam mai warin fetur ko fentin feshi, nan take suke narkar da soso.

Ka sassaƙa da wuƙar burodi, sannan ka rufe da bandeji. Kwaɓin tsoma bandeji mai ruwa-ruwa ne, kofi ɗaya na POP a kofi ɗaya na ruwa. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba, kuma kada ka kwaɓa fiye da abin da za ka gama a minti 10. Yanka bandejin santimita 10 zuwa 15, kowane ya hau rabin na gabansa, ninki biyu ya isa. Kaurin duka kada ya wuce milimita 3. Ka wanke roba tas kafin sabon kwaɓi, ragowar tsohon na sa sabo ya daskare kafin ka ankara.

Fuskar dutse: yamutsa takardar alminiyam mai kauri, ka buɗe ta rabi-rabi, ka zuba kwaɓi mai kauri, kofi biyu na gari a ɗaya na ruwa. Idan ya fara kamawa kamar tuwon da ya huce, fesa wa jikin dutsen ruwa ka manna. In ba ka jiƙa ba, busasshen zai tsotse ruwan sabon, ya ɓanɓare daga baya. Bayan minti 15 ka ɓare takardar, ka ja layukan tsaga da bakin wuƙa, duk su karkata gefe ɗaya. Tsagar da ta watsu ko'ina ita ke tona asirin dutsen hannu.

Launi kada ya zama fenti mai kauri. Tsinka fentin akirilik da ruwa, ɗaya ga 16, ka ɗiɗɗiga ruwan ƙasa da ruwan toka tabo-tabo, ka bar wasu wurare fari. In ya bushe, baƙi ɗaya ga 32 a kan duka, zai gangara cikin tsaga ya zama inuwa. A ƙarshe busasshen burushi da ɗan fari a kan tsinin duwatsu.

Dutse mai santimita 40 a sikelinka mita 60 ne kawai, don haka ido za ka yaudara. Itatuwan gaba santimita 8 zuwa 10, na sama 3 zuwa 4, ƙololuwa kuma tsirara, kamar yadda take a tashar Ospizio Bernina mai tsayin mita 2,253.

Baba_Kafinta ya rubuta:

Ɗana, kafin duk wannan duba teburin kansa. Filawud shimfiɗe ba firam zai banƙare, kuma shi ma yana fasa POP. Yi firam da katako mai faɗin santimita 7, gicciye kowane santimita 40, filawud na milimita 9 a sama, da sukuru da gam. Shafa fenti ciki da waje har da bakin yanka. Katako na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma wannan motsin ya fi na ƙarfen layi, wanda a mita ɗaya bai wuce sulusin milimita ba ko zafi ya ƙaru da digiri 20. Kada ka manne layi kankan ko'ina, ɗigon gam nan da can ya isa. Ƙafafun tebur kada su zauna kan ƙasa mai danshi saboda gara.

Santimita 90 ya fi hannu. Abin da mutum ke kaiwa ba tare da gwiwar hannu ta karya itace ba 60 ne zuwa 70. Ko ka sa wa teburin tayoyi, ko ka bar hanya ta baya. Duk ramin da ya rage, yanka masa taga a bayan dutse, aƙalla santimita 15 da 20, ko ka yi ƙololuwar ta zama murfi.

Mai_Dogo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Na zaɓi da'irar R315. Saura biyu: jirgin na rage gudu a ɓangaren da ya fi nisa da na'urar wuta, ko a shimfiɗe. Kuma zan iya amfani da ƙasar gaske a gefen layi?

Injiniya_Tanko ya rubuta:

Wutar ce ke raguwa a mahaɗai. Ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, ka ɗauko reshe zuwa layi kowace mita ɗaya, ɗaya tilas a tsakiyar da'irar. Ja a ƙarfen waje, baƙi a na ciki, ko'ina haka, in ka juya su wuri ɗaya wuta za ta haɗe. Yi wannan kafin dutse ya rufe wurin. Ƙurar hunturu ma na jawo hakan: goge layi da tsumma marar gashi da sifirit, ban da sanfefa, tana barin ƙarzar da datti ke maƙalewa. Ka rufe teburin da leda in ba a wasa.

Ƙasar gaske tana yi. Tankaɗe ta da rariya mai laushi, ka gasa a tsohon kasko ta bushe ƙwayoyin ciki su mutu, sannan ka bi ta da maganaɗisu sau biyu ko uku. Baƙin garin ƙarfen da zai ɗauko shi ne wanda da zai ƙare a cikin motar jirginka. Barbaɗa, ka jiƙa da feshin ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan ka ɗiga farin gam ɗaya ga ruwa uku da sirinji. Rufe wuraren canjin layi da salatif kafin ka fara, ka bar shi awa 24 kafin jirgi ya bi.