Hutuna a Agusta yake, in tafi ko in haƙura?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Tun da likita ya ce sukarina ya hau in riƙa motsa jiki, kullum bayan asuba nakan taka daga Mabera har wajen fadar Sarkin Musulmi in dawo, har abin ya bi jikina. To ƙanena da ke karatu a Turkiyya, wanda ni na riƙe shi tun rasuwar Baba, ni na tsaya masa lokacin da kowa ke cewa a sa shi kasuwa, shi ne ya turo min hotunan wata hanya da ake bi a ƙafa a bakin teku, sunanta Likiya. Daga kusa da Fetiye take farawa har kusa da Antaliya, ta haura kilomita 500. Ga duwatsu, ga kufan garuruwan mutanen da, ga teku can ƙasa. Wallahi raina ya biya. Ba duka za mu yi ba, kwana goma kawai. Matsalar, hutuna a Agusta yake, kuma Inna ta ce ba ta san tafiyar da ba fatauci ba, ba karatu ba, ba Makka ba. Akwai wata magana kuma da ba ta nan ba ce. Ya zan yi?

Alhaji Dogo: Wa alaikumus salam. Malam, aje maganar Likiya. Hanyag ga ana bin ta daga Maris zuwa Mayu, ko kuma Oktoba. Agusta rijiyoyin kan hanya da dama sun ƙahe. In dole sai Agusta, ka yi zagayen dutsen Mont Blanc: kilomita 170, kwana goma ko sha ɗaya, ka ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Masaukan kan dutse daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba suka buɗe. Ka ji gaskiya.

Baban Sadiq: Na gode Alhaji, amma ni da na sha yin azumi a Sakkwato cikin zafin Afrilu, ranar Turkiyya ce za ta ba ni tsoro?

Alhaji Dogo: Zahinmu busasshe na, kuma kana ƙarƙashin dogon yaro kana hihita. Can ga laimar teku, ga jaka a bayanka, ga hawa. Sakkwato a shimhiɗe take kamar tabarma, ina ka taɓa hawan tudu tsakanin Mabera da hwada?

Ɗan Arkilla: Alhaji kana cewa Faransa sai ka ce Wamakko. Bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai fa? Ni na haɗa takardu, na yi hanyar Abuja, na kwana a otal, na biya kuɗi, suka ce wai ba su gamsu zan dawo ba. Ni da ke da shago da 'ya'ya biyar! Ko sisi ba a mayar min ba. Kuma zagayen nan in ka tara hawansa ya kai wajen mita 10,000, kwana kuma ɗaki ɗaya maza da mata, abinci sai ka yi ta tambaya ko da alade. Turkiyya ko ba komai za ka ji kiran salla a ƙauye.

Basakkwacen Turai: Ku gwada hanyar ƙafa ta Kamino a Sifaniya, ita ce mai sauƙi, masauki a kowane gari. Daga Sarria zuwa Santiyago kilomita ɗari da 'yan kai ne, kwana biyar.

Malam na Zaure: Wannan ai ziyarar Kirista ce, a babbar coci take ƙarewa. Malam mai tambaya, ka sauke farali kuwa?

Baban Sadiq: Allah gafarta Malam, ban sauke ba tukuna, amma kuɗin nan ko kusa bai kai na kujera ba, kuma ƙanena ne zai ɗauki masauki. Ba tambayata ke nan ba.

Maman Ummi: Ita ce tambayar Inna ai. Ni dai uwargida ta sani? Maigidana haka ya ce kwana goma zai yi a Kwatano, sai da ya cinye wata, ga kuɗin makarantar yara a kaina. Kuma Baban Sadiq, aikin jinya nake. Mai sukari ƙafarsa ita ce abin tsoro, ɗan bororon da takalmi zai yi maka yana iya zama gyambo. Ga sukari na iya faɗuwa kana tsakiyar dutse. Ka koma wajen likitanka kafin ka sayi tikiti.

Baban Sadiq: Hajiya nawa bai kai haka ba, ƙwaya ɗaya nake sha. Maganar gida kuma a bar ta.

Alhaji Dogo: In biza ta hana, ka nemi a ɗaga maka hutu zuwa Oktoba, ka yi Likiyar taka. Ko Jodan, daga Dana zuwa Petra, amma ita ma ba Agusta ba.

Baban Sadiq: Oktoba yaron ya koma aji. Ya ce za mu riƙa fita da asuba mu tsaya da hantsi, kuma hanyar duk an yi mata alama da jan fenti da fari. Don Allah wa ya san inda zan samu takalmin hawan dutse lamba 44? Na zagaya 'yan gwanjo ban dace ba.

Alhaji Dogo: Au, ashe ka riga ka yanke. To mi ka tara mu?

Ɗan Arkilla: Wai nawa ake canjin lira, kuɗin Turkiyya, yanzu?