A ina sana'a ke ƙarewa, a ina taimaka wa mai laifi ke farawa?

Assalamu alaikum. Masana shari'a, don Allah ku warware mini wannan, kaina ya kulle.

Mai kanti ya sayar wa mutum guduma, da dare aka fasa gida da ita. Kowa zai ce babu ruwansa, sana'arsa ya yi. To idan mai sayen ya faɗa masa baki da baki abin da zai yi da ita fa? Ko kuma bai ce komai ba, amma mai kantin ya ga take-takensa, ya kawar da kai ya karɓi kuɗinsa?

A Amurka, a shari'ar Falcone ta 1940, Kotun Ƙoli ta ce sayar da sukari ga masu haɗa giya ba bisa ƙa'ida ba bai isa ya sa mutum cikin haɗin bakinsu ba. A Ingila kuwa, an kama wani mutum mai suna Bainbridge da laifi saboda ya samo na'urar yanka ƙarfe da aka fasa banki da ita, tunda ya san irin laifin da za a yi, ko da bai san wane banki ba.

Shin sani kaɗai ya wadatar, ko sai da niyyar laifin ya tabbata? Zargi mai ƙarfi kuma, ana ɗaukarsa sani ne?