Wace kalma za mu ba game theory? Ni dai na ce “lissafin kallon-kallo”

1/ Malamai, a taimaka mu tsayar da magana ɗaya. Wasu na rubuta “ka'idar wasa”, wasu “nazarin wasanni”. Duka biyun ba su zauna mini ba. Bahaushe na jin “wasa” sai hankalinsa ya tafi ƙwallo ko raha, alhali fannin da John von Neumann da Oskar Morgenstern suka ɗora wa tubali a 1944 magana ce ta yanke shawara yayin da ribarka ta rataya kan abin da wani zai yi.

2/ A dubi Coca-Cola da Pepsi. Da dukansu za su rage talla, kusan kowa zai riƙe masu sayensa, kuɗi kuma su zauna a aljihu. To amma wa zai fara? In Pepsi ta ja baya, Coca-Cola ta ci gaba da zuba kuɗi, ta kwashe kasuwa. Kowa ya san haka, ya kuma san ɗan'uwansa ya sani. Sai su yi ta ɓarin kuɗi, ba don tallar na ƙara masu shan lemon sosai ba, don gudun kada a bar mutum a baya.

3/ Wannan ai kallon-kallo ne. Ba ka motsi sai ka auna motsin na gabanka.

4/ Wani malami ya kawo “nazarin dabarun hamayya”. Yana da kyau a littafi, sai dai fannin bai tsaya kan hamayya ba, har da haɗin kai da ciniki da sulhu. Masu sulhu ma kallon juna suke yi.

5/ A Amurka, daga Janairun 1971 doka ta hana tallar sigari a rediyo da talabijin. Malaman tattalin arziki na yawan kafa misali da ita: doka ta sauke wa kamfanonin wani nauyi da babu wanda ya isa ya sauke shi kaɗai.

6/ Saura matsayar da John Nash ya bayyana a 1950, wadda ta kai shi ga kyautar Nobel a 1994, inda babu mai cin riba in ya sauya taku shi kaɗai. “Cirko-cirkon Nash” ya ja ra'ayina, amma ba kullum matsayar ke zama ta rigima ba, don haka a bar ta “daidaiton Nash”. Wanda ke da abin da ya fi, bismillah.