Likitoci biyu, magana biyu: mu ci gaba da maganin Baba ko mu mai da shi gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Mahaifinmu ne ba lafiya, shekarunsa 71, muna zaune a Jekadafari, cikin Gombe. Wata huɗu ke nan da aka gano kansar hanta ce, daga ciwon hanta nau'in B da ya daɗe da shi bai sani ba. Yanzu ciki ya kumbura, sau biyu ana zuƙe masa ruwa, idanu sun yi rawaya. Kunu cokali uku sai ya kau da kai.

Likita ɗaya ya ce a fara ƙwayar maganin kansa mai suna sorafenib. Ɗayan kuma, dattijo, ya ja ni gefe a baranda ya ce, "Hajiya, da mahaifina ne gida zan kai shi, in tabbatar ba ya jin zafi." Yayanmu ya fusata, har ya sa gonarmu ta Kumo a kasuwa don a samu kuɗin maganin. Shi kuwa Baba kullum tambayarsa ɗaya: yaushe za a cire min robar nan daga hannu? Idan na goyi bayan komawa gida, na yi sakaci da mahaifina ke nan?

Wata nas daga Bauchi: Allah ya ba Baba sauƙi. 'Yar uwa, a gwajin da aka fitar a 2008, sorafenib ta ƙara wa marasa lafiya kusan wata uku ne, kuma a waɗanda hantarsu ke aiki da kyau. Wanda ciki ya tara ruwa, ido ya yi rawaya, amfanin kaɗan ne, ga gudawa da saɓulewar fatar tafin hannu da ƙafa. Ku tambayi likitan farko kai tsaye: warkarwa ake nema ko ƙarin kwana?

Ɗan Dukku: Ni dai ban yarda da wannan ba. Likita ba shi ke da rai ba. An ce mana mamata ba za ta kai azumi ba, muka dage da allurar maganin kansa, ta shekara shida.

Wata nas daga Bauchi: Masha Allah. Amma Malam, kowace kansa da halinta, da kuma matakin da aka riske ta.

Wani likita: Bari in faɗa muku abin da ba mu cika faɗa ba. A makaranta yaƙi da cuta aka koya mana, ba zama da iyali a ce an zo ƙarshen hanya ba. Rubuta magani minti biyu ne, waccan maganar kuwa nauyi gare ta, musamman idan 'ya'ya sun tsaya a kanka suna cewa a yi duk abin da za a yi. A wani bincike na Jami'ar Stanford a Amurka da ya fito a 2014, kashi 88 cikin ɗari na likitocin da aka tambaya sun ce in su ne ke cutar ajali ba sa so a danna musu ƙirji don tayar da zuciya.

Komawa gida ba barin magani ba ne. Kafin sallama ku nemi a rubuta ruwan mofin, wato maganin rage zafi mai ƙarfi, daidai ƙarfin hantarsa, tare da maganin sassauta bayan gida, don mofin yana ɗaure ciki. Kada ku ba shi diclofenac ko ibuprofen daga kemis. Ku kuma san inda za a riƙa zuƙe ruwan in ya sake taruwa.

Malam daga Tudun Wada: Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Sai dai malamai sun bambanta maganin da ake kyautata zaton amfaninsa da wanda masana suka ce wahalarsa ta fi, barin na biyun ba zunubi ba ne. Haram ita ce a ba shi abin da zai kashe shi da gangan. Kuma baiwar Allah, Baba yana cikin hayyacinsa, jikinsa ne, gonarsa ce. Kun tambaye shi?

Mai tambaya: Wallahi Malam ba mu tambaye shi ba, ɓoye masa ma muke yi. Jiya bayan isha'i na zauna a bakin gadon na fara kame-kame, ya riƙe hannuna ya ce ya daɗe da ganewa. So yake ya kwana a ɗakinsa, ya ji kiran sallar masallacin unguwa, kuma kada a taɓa gonar. Yaya bai ce komai ba, ya fita waje ya daɗe. Gobe za mu ga likitan kan maganar mofin. Ku sa mu a addu'a.